Bayan Ƙararrawa Ba a Buɗewa

Ma'aikatan safe ne suka tsinci gawar. Sun zo lodin ƙanƙara kamar kullum, ɗayansu ya zare sakatar ɗakin sanyi ya ja ƙofar, sai ga Mai-sito, mai kula da kayan kamfanin, zaune a bayanta, ya haɗa kai da gwiwa, gemunsa ya yi fari fat. Hannayensa duk sun farfashe saboda dukan ƙarfe. Wanda ya buɗe ƙofar ko salati bai iya ba, zama kawai ya yi daɓas a ƙasa.

Kafin rana ta ɗaga, ƙofar kamfanin ƙanƙarar ta cika maƙil. Mutane kuwa ka san su, ba a gama lulluɓe mamaci ba sun riga sun yanke hukunci. Sakatar daga waje take, ke nan wani ne ya zura ta. Kowa kuma ya ji Direba ranar da ya nuna Mai-sito da yatsa a tsakar fili ya ce sai ya ga bayansa, don ya kai ƙararsa cewa yana ɗaukar fasinja da motar kamfani. Har waɗanda ba sa wurin ranar sai da suka rantse da kunnensu suka ji. 'Yan sanda suka tasa ƙeyar Direba, matarsa na biye da motar tana kuka da goyo a baya.

Sufeto ya aika a kira Mai-sawu. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawu a daji tare da masu gadin gandu, daga baya 'yan sanda suka riƙa nemansa duk sanda abu ya cije musu. Gwiwoyinsa sun gaji, amma idonsa na nan garau. Ran nan dai ba da ƙwarin jiki ya zo ba, domin ɗansa Auta a kamfanin yake aiki, shi ne mai shara da rufe ƙofofi.

Ya hango shi can gefe, ya juya wa taron baya, tsintsiya a hannu, yana rausaya gaba da baya don an tare masa wurin shara. Auta ba yaro ba ne, ya ba talatin baya. Sai dai ba ya kallon idon mutum, ba ya son a taɓa shi, kuma abin da ka faɗa masa shi ya ji, ba ragi ba ƙari. Mai-sito ne ya nema masa aikin. In ka cire iyayensa, duk duniya mutumin nan kaɗai ke zama ya saurari Auta har ya gama magana.

*

Al'adar aikin wurin ita ce, dab da tashi sai a watsa garin katako a lungun da ke kaiwa ɗakin sanyi, ya tsotse ruwan da ya zuba kafin safiya. Masu lodi sun tattake tsakiyar lungun, amma gefen bango na nan lafiya. Mai-sawu ya tsugunna da ƙyar, ya daɗe yana kallo.

"Sawun mutum uku," in ji shi. "Mai silifa, mai babban takalmin but, da mai takalmin kambas."

"Kambas ɗin na ɗanka ne, Baba, wannan mun sani," in ji Sufeto. "Shi ke zura sakata in an kaɗa ƙararrawar tashi. Abin da nake gani, bayan ya tafi ne marigayin ya buɗe ya shiga, wani ya lallaɓo ya rufe shi. Wannan wanin nake so ka nemo mini."

Mai-sawu ya ji wani sanyi a ransa. Ya riƙe maganar nan ta Sufeto hannu bibbiyu, don ita yake so ta zama gaskiya.

*

A ofishin 'yan sanda ya tarar da Direba zaune a benci, ido ya kumbura suntum.

"Baba, baki ne kawai, wallahi baki ne! Ni da ko kaza ba na iya yankawa? Na shiga lungun, ban musa ba, rigar sanyina na je ɗauka. Amma kafin ƙararrawa na fita."

"Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. Silifar ta cinye ta gefen waje, daidai da sawun. Mai-sawu ya tuna abin da ya gani a gindin bango: sawun kambas ya hau kan na silifa, ya danne rabinsa. Wanda aka taka sawunsa shi ya riga wucewa, kuma silifar ba ta sake dawowa ba. Ya sani sarai, amma ya miƙe zai tafi.

"Baba, ka ga wani abu?" Direba ya riƙo gefen rigarsa. "'Ya'yana huɗu."

"Ana kan dubawa," in ji tsohon, ya fita yana jin kunyar kansa.

Da ya koma kamfani, ya sami Maigadi a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa yana jan carbi. Ya ce shi bai ji bugun komai ba, injin sanyi in ya tashi ko harbi aka yi a ciki ba za ka ji daga nan ba.

"Wa ya fita ƙarshe?"

"Ɗan wajenka, kamar kullum. Ni na ɗauka Mai-sito ya bi ta ƙofar baya."

"Bayansa fa, wa ya shigo?"

"Ko kyanwa."

"Ba ka ɗan runtsa ba? Ba ka zagaya ba? Kai fa mutum ne, ba ƙarfe ba!"

Maigadi ya ajiye carbin ya dube shi. "Haba malam, yau kai ne ke neman in faɗi abin da ban yi ba? Kwaɗo na sa da hannuna, makullin na aljihuna har safe."

Saura mai but. Wannan bai yi wuyar samu ba, Mai-gyara ne, wanda ke duba injinan kamfanin. Yana ganin tsohon, tun ba a tambaye shi ba ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ciro wani ƙarfe mai jan kai.

"Hannun ƙofar ne na ciki," in ji shi. "Wanda in an rufe mutum zai tura ya fito. Ya karye tun wancan makon, na kwance shi. Na faɗa wa mai kamfani, ya ce a bari sai an kawo sabo. Jiya injin kawai na leƙa na fita ta baya, masu shago na gefe sun gan ni."

"Wa kuka faɗa wa cewa an cire shi?"

Mai-gyara ya sunkuyar da kai. "Kowa dai ya sani, ina ji."

*

Da la'asar Mai-sawu ya koma lungun shi kaɗai. Rana ta sauko, haskenta na shigowa a kwance ta ƙofar lodi, irin hasken da ke fito da kowane ɗan gurbi a ƙasa. Da safe ya ga tafiyar Auta zuwa ƙofar. Dawowarsa ce bai nema ba, kuma ya san dalilin da ya sa bai nema ba.

Tana jikin ɗaya bangon, bayan tarin buhuna. Kambas ya bar ƙofar ɗakin sanyi lafiya lau, tafin ƙafa duka a ƙasa. Can gaba kaɗan ya tsaya cak, ƙafa biyu a haɗe. Ya juya rabi ya fuskanci ƙofar, ya daɗe a nan har garin katakon ya lotsa. Daga nan har bakin fita, babu dunduniya ko ɗaya. Kan yatsu ne kawai, 'yan gajerun taku kusa da kusa.

Wani zai ce gudu ne. Amma mai gudu takunsa nesa-nesa yake. Wannan tafiya Mai-sawu ya san ta tun Auta na koyon tafiya. Haka ya tashi yana tafiya a kan yatsu, shi da uwarsa suka sha fama shekara da shekaru kafin dunduniyarsa ta yarda da ƙasa. Yanzu abu ɗaya ne ke mayar da shi ga waccan tafiyar: ƙara mai ƙarfi, irin wadda ke sa shi toshe kunne.

Ke nan yana tsaye a nan aka fara bugun ƙofar. Ya ji.

Tsohon ya zauna a kan buhu. Tsintsiyar Auta na jingine a bango, ko tashi ba sai ya yi ba zai kai gare ta. Ya ɗauke ta. Shara ɗaya, shi ke nan, babu mahaluƙin da zai taɓa sani. Ya riƙe ta har hannunsa ya yi gumi, yana jin muryar Direba a kunnensa. Daga ƙarshe ya mayar da ita inda take, ya jawo akwatin katako ya kife a kan sawun don kada a taka, ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa.

*

Ya iske Auta a gida yana cin abinci, ya ware komai gefe-gefe a faranti yadda ba za su taɓa juna ba. Uwarsa na ninke wanki. Mai-sawu ya zauna a gefensa, ba gabansa ba, don haka yake iya magana.

"Auta, jiya da ka zura sakata, ka ji wani abu?"

"Na ji. Bum, bum, bum. Da ƙarfi."

Uwar ta saki rigar da ke hannunta.

"Ka san waye?"

"Mai-sito ne. Ya kira sunana."

"To me ya hana ka buɗewa, ɗana?"

"An kaɗa ƙararrawa. Bayan ƙararrawa ba a buɗewa." Ya gyara cokalinsa. "Na tambaya akwai mutum, ba a amsa ba, na rufe. Yana da jan hannu a ciki. Turawa ake yi. Shi ya nuna mini. Ya ce kada in damu, ko an rufe mutum zai tura ya fito. Na tsaya ya tura, bai tura ba. Ƙarar ta yi yawa."

Mai-sawu ya ce, "An cire jan hannun, Auta. Ya karye tun wancan makon."

Cokalin ya tsaya. Auta ya ajiye shi. Sai ya fara rausaya, a hankali, sannan da ƙarfi.

"Ba a faɗa mini ba. Ba a faɗa mini ba. Ya kira sunana. Ba a faɗa mini ba."

Ya shiga dukan kansa da dunƙulen hannu. Uwar ta ruga ta ɗauko bargo mai nauyi ta lulluɓa masa, ta zauna kusa ba ta taɓa shi ba, har ya lafa. Masu cewa irin su Auta ba su da zuciya, da ma sun leƙo ɗakin nan ran nan.

A tsakar gida ta tare mijinta, ta rage murya.

"Malam, wa ya sani in ba kai ba?"

"Ba kowa."

"To ka yi shiru. Ban taɓa roƙonka komai a kan aikinka ba, yau na roƙe ka."

"Direba fa?"

"Direba na da baki, zai kare kansa! Nawa fa? Tambaya ɗaya za su yi masa ya miƙa musu wuyansa. Wa zai san ba a taɓa shi? Wa zai san ba ya barci da fitila? Kashe mini shi za su yi, Malam."

"Na sani," in ji shi. Ya kasa kallonta. "Amma in na yi shiru, wani zai tafi a madadinsa. Kuma shi kansa ba zai yi shiru ba, kin san shi. Gobe duk wanda ya tambaye shi zai faɗa. Gara ya faɗa ina tsaye a gefensa."

Ta shige ɗaki.

*

Washegari Sufeto ya tara su a lungun bisa roƙon tsohon: Direba da ankwa a hannu, Maigadi, Mai-gyara, mai kamfani yana ta duba agogo, da matar marigayin, 'yar'uwarta na riƙe da ita. Auta na tsaye a bayan ubansa yana kallon bango.

Mai-sawu ya nuna inda kambas ya danne silifa, ya ce a kwance Direba. Ya sa Mai-gyara ya fito da jan ƙarfen. Sannan ya ɗaga akwatin katakon da hannunsa.

"Wannan sawun ɗana ne. A nan ya tsaya ya ji bugun. Babu wanda ya zo bayansa."

Mai kamfani ne ya fara magana.

"Kun ji ko! Da ma na ce kada a ɗauki irin waɗannan. Mutum na ihu ka wuce abinka?"

"Auta," in ji uban, "faɗa musu abin da maigida ya ce maka ranar da ka buɗe wa masu lodi ƙofa bayan tashi, kaya suka narke."

Auta ya buɗe baki, sai ga maganar mai kamfani tana fita tiryan-tiryan, har da yadda yake jan numfashi: "Kai dabba! Bayan ƙararrawa ba a buɗewa. Ko wa ya ce, ko me ka ji, ko ubanka ne ya zo. Ka ƙara ka gani!" Ya koma muryarsa. "Ya riƙe mini wuyan riga."

"Ai magana ce kawai!" in ji mai kamfani. "Kowa ya san ba haka nake nufi ba."

"Kowa ya sani," in ji Mai-sawu, "ban da wanda ka faɗa wa."

Matar marigayin ta matso har gaban Auta. Kowa ya zaci mari za ta kai. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zuba, shi kuwa yana kallon bango.

"Kullum sai ya ba ni labarinka," ta ce. Daga nan 'yar'uwarta ta janye ta.

Sufeto ya ciro ankwa, ya dubi tsohon, ya mayar da ita aljihu. Duk da haka tafiya da shi suka yi.

*

An daɗe ana shari'ar. Likita ta zo ta yi bayani cewa Auta na da lalurar galahanga. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma ciwo ba ne da ake warkewa, ya san kisa laifi ne, ya san ciwo. Sai dai doka in ta shiga kansa ba ta lanƙwasuwa, ƙara mai ƙarfi kuma rufe masa tunani take yi ruf. Lauyan gwamnati ya saurara, sannan ya juya ga Auta.

"Ka ji yana bugawa?"

"Na ji."

"Ka san sanyin ɗakin nan yana kisa?"

"Yana kisa."

"Ka yi nadama?"

Auta ya tsaya neman ma'anar tambayar, sai 'yar dariyar nan da ke kufce masa in ya rikice ta fito. Kotu ta ɗauki gunaguni. Wata mata a baya ta ce, "Ji mugu, dariya ma yake!" Mai-sawu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ne fa da safen nan ya gyara wa ɗansa wuyan riga ya ce, "Ka faɗi gaskiya kawai, Auta, duk abin da aka tambaye ka."

Alƙalin ba mugu ba ne. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce doka ta ba shi gida biyu ne kacal, na mai hankali da na marar hankali, wannan bawan Allah kuwa bai ga ya shiga ko ɗaya ba. In ya kai shi kurkuku ba zai kai labari ba, in ya sake shi kuma ga rai an rasa. Mai kamfani aka ci shi tara saboda sakaci, aka rufe masa wurin na ɗan lokaci. Auta kuwa za a ajiye shi a asibitin masu tsaro, har sai likitoci sun gamsu.

Lauyansu ya kama hannun tsohon yana girgizawa. "Baba, mun yi nasara! Ba kurkuku!"

"Har yaushe zai zauna?"

"To... sai yadda likitoci suka gani."

"Gamsuwa da me za su yi? Likitar nan da bakinta ta ce ba ciwo ba ne balle ya warke."

Lauyan ya shiga tattara takardunsa. Nan tsohon ya gane cewa ko ɗan kurkuku ya fi ɗansa gata, don shi an faɗa masa ranar fita.

A barandar kotu aka ba su 'yan mintuna. Uwar na ta yi wa ma'aikacin asibitin bayani, kada a taɓa shi ba zato, kada a haɗa masa abinci wuri ɗaya, mutumin na gyaɗa kai yana kallon mota. Auta ya tsaya a gefen ubansa.

"Baba, na faɗi gaskiya. Duka."

"Ka faɗa, ɗana. Ka yi daidai."

"To mu tafi gida."

"Ba yau ba, Auta. Za ka bi wannan malamin."

Auta ya yi nazarin maganar. "Gobe za ka zo ka ɗauke ni?"

Da wani ɗa ne, da sai a ce masa i, a rarrashe shi ya shiga mota. Amma Auta in ka ce masa gobe, tun asuba zai tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, ba zai zauna ba har duhu.

"Ba gobe ba."

Ma'aikacin ya nuna masa hanya, ya fara tafiya. Ya waiwayo, ba ya kallon fuskar uban, maɓallin rigarsa yake kallo.

"Jibi?"

"A'a, ɗana."

"Gata?"

Mai-sawu ya girgiza kai, sai ya tuna Auta ba ya karanta girgiza kai, dole ya buɗe baki ya faɗa. "Ba gata ba."

Sun kai bakin motar. Auta ya ɗaga murya don a ji shi.

"Citta?"

"A'a."

Auta ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin mota, leɓɓansa na motsi, yana neman sunan ranar da ke bin citta. Bai san ta ba. Ya jira ubansa ya faɗa masa, kamar yadda ya saba faɗa masa sunan duk abin da bai sani ba. Yana nan yana jira aka rufe ƙofar motar.